Zauren Masu Karatu: Ina Kuɗin Tsaro Ke Shiga?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo wannan watan, daga Jibiya har Funtuwa, kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kuɗin da gwamnati ke cewa tana kashewa a kan tsaro. Na tsamo shida daga ciki. Ban sa sunan kowa ba, domin a wasu garuruwanmu yau tambaya kaɗai tana iya jawo wa mutum abin da ba ya so. Ga waɗanda suka fara karanta wannan shafi yanzu, ni tsohon akanta ne, na yi aikin gwamnati a nan Katsina har na yi ritaya. Sana'ata boca ce, wato takardar izinin biyan kuɗi, da fayil da rasit, kuma ta nan zan ba da amsa.

Tambaya: Malam, ni manomi ne a ƙasar Batsari. Gonata ta gado tana yamma da gari, damina huɗu ke nan ban sa mata garma ba. Kullum muna ji a rediyo an ware tiriliyan kaza domin tsaro. Ni ban san iyakar tiriliyan ba, amma na san da a kanmu ake kashe shi da mun gani a ƙasa. Don Allah ina kuɗin nan suke zuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya mayar da kai gonarka lafiya, Ya sa ka ci amfaninta. Miliyan dubu shi ne biliyan ɗaya, biliyan dubu kuma shi ne tiriliyan ɗaya. A kasafin 2024 da Shugaba Tinubu ya kai gaban majalisa, an sa wa tsaro naira tiriliyan 3.25. A na 2025 aka sa tiriliyan 4.91, a na 2026 kuma tiriliyan 5.41. Don ka ga girman abin, a wancan kasafi na 2025 ilimi tiriliyan 3.52 ya samu, lafiya kuma 2.48. Rediyo ba ƙarya take yi maka ba, kuɗin suna da yawa.

Amma ka fara cire abin da faɗuwar naira ta ci. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Kasafin 2025 kuwa a kan dala ɗaya naira 1,500 aka ɗora shi. Ke nan tiriliyan ɗaya da a da zai sayo maka dala sama da biliyan 2, a farashin kasafin 2025 da ƙyar ya kai dala miliyan 670. Jirgin yaƙi, da kayan gyaransa, da mafi yawan manyan makamai, duk da dala ake sayo su. Muna da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, amma abin da take ƙerawa bai kai ko kusa da buƙata ba. Jiragen nan 12 samfurin Super Tucano da gwamnatin Buhari ta saya daga Amurka, dala miliyan 496 aka biya a 2018, kuma sai a 2021 suka iso. Da suka iso ma sai da aka yi ta muhawara ko yarjejeniyar sayen ta yarda a yi amfani da su a kan ɓarayin daji, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ɓarayin a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamban 2021. Kai kana Batsari kana jira, jirgin yana jiran takarda.

Sannan kaso mafi tsoka na kuɗin albashi ne da alawus. Sojan ƙasa, na sama, na ruwa, 'yan sanda kimanin 370,000, ga Sibil Difens, ga jami'an shige da fice, duk daga tukunyar nan suke ci. Wannan ba asara ba ce, dole a biya mutumin da ya bar iyalinsa ya kwana a rami. Abin takaicin shi ne idan aka raba, abin da ke isa hannun ƙaramin soja bai taka kara ya karya ba. A 2025 ne aka ƙara kuɗin abincinsa na yini daga naira 1,500 zuwa 3,000. Kai da kake zuwa kasuwa ka san abin da 3,000 za ta saya. Su kuma 'yan sandan, dubbai daga cikinsu suna bin manyan mutane suna riƙe musu jaka, shi ya sa a watan Nuwamban 2025 Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a janye su a mayar da su bakin aiki. Kada ka manta kuma tukunyar ba ta Katsina kaɗai ba ce. Ga Borno da Tafkin Chadi, ga Zamfara da Sakkwato da Neja, ga Filato da Binuwai, ga kudu maso gabas, ga masu satar ɗanyen mai a Neja Delta.

Akwai wani abu da rediyo ba ta cika faɗa ba. Abin da aka rubuta a kasafi alkawari ne, abin da ma'aji ya saki shi ne kuɗi. Albashi yana fita duk wata, amma kuɗin sayen kaya da gine-gine sau da yawa rabi ake saki ko ƙasa da haka, a ɗaga saura zuwa baɗi. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka yi ta ƙara masa wa'adi har ƙarshen 2025.

Sai kuma abin da kake zargi a ranka, kuma kana da hujjar zarginsa. A 2015 aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ya musanta, ya zauna a tsare har Disambar 2019, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Amma lambar da ta fi hana ni barci tana cikin rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019: bindigogi da makamai 178,459 na 'yan sanda ba a iya nuna inda suke ba zuwa ƙarshen 2018, daga ciki 88,078 ƙirar AK-47 ne. Da kuɗin tsaro aka saye su. Bindigar da ta bar ma'ajiya ba a san hannun da ta faɗa ba, tana iya zama ita ce ke tsakaninka da gonarka.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Katsina, ina karanta ilimin tattalin arziki. Mene ne gaskiyar kuɗin tsaron nan na musamman da ake ce gwamnoni suna ɗauka duk wata ba tare da sun yi wa kowa bayani ba? Abokina ya ce dole ne a ɓoye, domin sirrin tsaro ne. Ni kuma na ce sata ce kawai aka sa mata riga.

Amsa: Ɗana, kai da abokinka kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma kai ka fi shi kusa, ko da yake ba zan ce duka sata ba ce.

Bari in nuna maka yadda kuɗin gwamnati ke fita a al'ada. A ofishin da na yi aiki, ko kujeru goma za a saya, sai an buɗe fayil. Mai buƙata ya rubuta, a nemo farashi daga 'yan kasuwa uku, shugaba ya sa hannu, a rubuta boca. Kaya su zo, mai kula da sito ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta takardar shaidar sun shiga sito, a liƙa ta a bayan bocar tare da rasit. Odita na cikin gida ya duba ya buga hatiminsa kafin a biya. Bayan shekara odita na waje ya zo da koren alƙalaminsa, ya ce a kai shi ya ga kujerun da idonsa. Na taɓa ganin an tsayar da albashin magatakarda saboda rasit ɗin fenti galan biyu da ya ɓata. Wata rana kuma boca ta zo teburina, takarda ɗaya tal, ba komai a bayanta, an rubuta kalmomi uku cewa lamarin tsaro ne, kuma adadin da ke kanta ya fi kuɗin kujeru da fentin shekara goma. Na ɗaga kai na dubi wanda ya kawo ta, ya ce, "Malam, a sa hannu kawai, daga sama ne." Ba wanda ya sake tambayar bocar nan har na bar wurin.

Wannan ɗabi'a gadon mulkin soja ce, kuma babu ita a tsarin mulkin 1999. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa irin wannan kuɗi a faɗin ƙasar nan yana kai dala miliyan 670 a shekara. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ma ta keɓe kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta, sai in shugaban ƙasa ya ce a bi. Ka ga ana ta ɗura ruwa ne a tulun da ba a yarda kowa ya leƙa gindinsa ba.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne, akwai abin da ba ya yiwuwa a rubuta. Mutumin da ke zaune a bakin dajin Rugu yana sanar da jami'ai motsin ɓarayi, in ka sa sunansa a boca ka kashe shi. Amma nawa ne kuɗin irin wannan mutum a cikin biliyoyin? Babur ba sirri ba ne. Man fetur, da taya, da takalmi, da abincin jami'ai, da ginin ofishin 'yan sanda, babu sirri a cikinsu. Ko wanda yake sirrin ma, ana iya kafa ƙaramin kwamitin majalisa da aka rantsar, su zauna da odita a ɗaki a rufe su duba. Ƙasashen da suka fi mu abokan gaba haka suke yi.

Ka kuma san dalilin da ya sa gwamnoni ke kare wannan kuɗi. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ta tarayya. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarnin ƙarshe. Duk da haka jiha ce ke sayen motocin sintiri, ta zuba mai, ta biya alawus ɗin jami'an da aka turo. Wato aiki ɗaya, aljihu biyu ke biya, wani lokaci uku in ka sa ƙaramar hukuma, kuma babu littafi guda da ake haɗa lissafin. A nan ɓarna ta fi samun wurin ɓuya. Gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta faɗi wasu alƙaluma a fili: motoci masu sulke 10, Hilux 65, babura 700 a tashin farko, daga baya kuma ta ce abin da ta kashe a tsaro ya haura naira biliyan 30. Na yaba da faɗin, domin da can ko wannan ba a ji. Saura a warware jimillar dalla-dalla, a ce ga na mota, ga na alawus, ga na iyalan waɗanda suka rasu.

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga Ɗanmusa. Ɗana na biyu ya gama sakandare, ba aiki, ya matsa sai ya shiga rundunar tsaron al'umma ta jiha in an sake ɗauka. Mahaifinsa ya rasu. Zuciyata ta kasa natsuwa. Shin abin nan mai ɗorewa ne, ko in kuɗi suka ƙare za a watsar da su?

Amsa: Hajiya, Allah Ya jiƙan mahaifinsa, Ya raya miki su. Ba zan ɓoye miki ba, aikin yana da haɗari. An ƙaddamar da rundunar a watan Oktoban 2023 da matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, aka ƙara wasu a 2024, kuma gwamnati da bakinta ta ce an rasa sama da 100 daga cikinsu a fagen daga. Allah Ya gafarta musu.

A ganina, cikin duk kuɗin da jihar nan ta kashe a tsaro, wannan yana cikin waɗanda suka fi ma'ana. Yaron Ɗanmusa ya san kowace burtali da kowane rafi, ya san wane ne baƙo a kasuwa, kuma in aka kawo hari uwarsa ce a cikin garin, ba zai jira umarni daga nesa ba. Sojan da aka kawo daga wata jiha, kafin ya gane hanya an canja masa wurin aiki. Akwai kuma dalili na biyu. Mun ga abin da ya faru lokacin 'yan sa-kai da ba su da albashi ba su da shugaba, yadda a wasu wurare aka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba bincike, 'yan'uwansa su dawo da dare su ɗauki fansa a kan gari guda. Wannan ya ƙara wa wutar mai ƙwarai. Matashin da aka horar, aka ba shi lamba da kaki da albashi, akwai wanda zai tuhume shi in ya yi zalunci.

Tsoronki na ɗorewa kuwa, a wurinsa yake. Sayen babur 700 abu ne na rana ɗaya, ana yin biki a ɗauki hoto. Zuba musu mai kowace safiya, da canja taya da sarƙa, da biyan alawus a kan lokaci shekara bayan shekara, wannan shi ne nauyin, kuma shi ne abin da gwamnatoci suka fi gazawa a kai. Abin da ke ba ni ɗan ƙwarin gwiwa shi ne da doka aka kafa rundunar, kuma akwai ma'aikatar tsaron cikin gida da ke kula da ita, don haka rushe ta ba zai zo da sauƙi ba. Amma ranar da aka bar dubban matasan da suka iya harbi ba albashi, an haifi wata sabuwar fitina.

Shawarata, ki sa kawunsa ko wani babba a dangi ya je ya zauna da waɗanda suke cikin aikin a garinku. Ya tambaye su ko ana biyansu a kan kari, ta banki ko hannu da hannu. Ya tambayi wanda ya ji rauni wa ya biya kuɗin asibitinsa. Ya je gidan wanda ya rasu ya ji abin da aka yi wa matarsa da 'ya'yansa. Abin da suka faɗa ya fi duk abin da zan faɗa miki. Daga nan ki yi istihara, ku yanke shawara tare da yaron.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Daura. Mu nan Alhamdulillahi muna barci da ido biyu rufe. Me ya sa za a kwashe kuɗin da ya kamata a yi mana hanya da asibiti a kai Faskari da Sabuwa? Ba zalunci ba ne?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara muku lafiya, amma ban yarda da kai ba. Ranar 1 ga Mayun 2019 a ƙofar gidansa a cikin Daura aka ɗauke Magajin Gari, Alhaji Musa Umar Uba, lokacin ɗan garin yana shugaban ƙasa, kuma sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Ranar 11 ga Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, marigayi Shugaba Buhari yana hutu a Daura. Abin da ya hana wutar isowa gare ku sosai shi ne ba ku da babban daji a kusa, sannan akwai waɗanda ke tare ta a can yamma.

Kuma kai ɗan kasuwa ne. Masarar da ake saukewa a Daura da Mai'aduwa, kaso mai yawa daga ƙasar Funtuwa take fitowa, Dandume da Bakori da Faskari da Sabuwa. Duk gonar da aka bari a can, kai ne za ka biya a farashin buhu. Ka tuna 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka. Wane ɗan kasuwa ne a jihar nan bai ji a jikinsa ba?

Inda nake tare da kai shi ne, bindiga kaɗai ba ta gama wannan yaƙi. Yaran da ke daji yau, da yawansu an haife su ne a rugagen da ba makaranta, ba asibiti, ba mashayar dabbobi, an cinye burtali da gonaki, an sace shanun iyayensu, alƙali da ɗan sanda kuma sun tatse abin da ya rage. Wannan ba ya wanke wanda ya kashe rai, amma yana nuna inda ake samo sababbin mayaƙa. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 6.25 domin gina wuraren kiwo na zamani a jihar nan. Ni a wurina wannan ma kuɗin tsaro ne, kuma ya kamata a fito a zagaya da jama'a a nuna musu dam nawa, makaranta nawa, asibitin dabbobi nawa aka yi da shi, kuma nawa ne ke aiki yau.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a ƙasar Ƙanƙara. Gwamnati tana kashe nata, mu ma muna kashe namu: kuɗin fansa, kuɗin noma, kuɗin girbi. Yanzu kuma ga sulhu ana ta yi. Wa ke lissafa abin da talaka ke biya? Kuma sulhun nan ba wata hanyar ba su kuɗi ba ce?

Amsa: Malam, ka taɓo inda ke yi mini ciwo. An taɓa ɗauke wani ɗan'uwanmu a hanyar gona, kuma ina cikin waɗanda suka zauna a zaure ana haɗa kuɗin. An shimfiɗa tabarma, aka kawo fitila, aka ce ni akanta ne in riƙe biro. Wannan ya kawo kuɗin bijimin da ya sayar a ranar, an taya shi da arha don an san a matse yake. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ajiye naira 2,000 duk sun nannaɗe. Matarsa ta aiko da kuɗin gadonta da kwanukan jerenta. Da ba su isa ba aka jinginar da gonar. Wayar tana tsakiyar tabarma, duk lokacin da ta yi ƙara sai zauren ya yi tsit. Bayan an kai kuɗin suka ce saura babur sabo da katin waya. Ya dawo da rai, Alhamdulillahi, amma gidan nan har yau bai miƙe ba, kuma yaransa biyu sun bar makaranta.

A ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da binciken da ya ce 'yan Najeriya sun biya fansar naira tiriliyan 2.23 tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024. An yi ta jayayya a kan wannan adadi, wasu masu bincike nasu ƙiyasin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, domin su abin da ya fito a jarida kawai suke ƙirgawa. Namu na zauren nan bai fito a kowace jarida ba. Haka harajin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka, da kwanakin da ake tilasta wa mutane su yi wa ɓarayi noma. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Mutumin da ya biya haraji ya kuma biya fansa ya biya sau biyu, kuma na biyun ne ke sayo harsashin da za a dawo masa da shi.

Batun sulhu, mun gwada. Gwamna Masari ya yi a 2016, ya sake yi a 2019 har ya shiga daji da kansa, a 2020 ya fito ya ce sun ci amana, ba zai ƙara ba. A 2025 aka ga sabon salo, al'ummomi da shugabannin ƙananan hukumomi suna zama da su, kamar a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa. Gwamnatin jiha tana cewa ita ba ta roƙon ɗan bindiga sulhu, amma ba za ta hana jama'a neman wa kansu sauƙi ba. Ba zan zauna a cikin birnin Katsina in zargi mutumin da ya samu ya koma gonarsa ba. Sai dai hotunan zaman duk mun gani, sun zo da bindigoginsu a kafaɗa sun koma da su. Kuma inda aka yi sulhu a nan, sau da yawa harin yakan koma maƙwabta. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi.

Ko ana ba su kuɗi, ba zan ɗora wa kowa abin da ba a tabbatar ba. Abin da zan ce shi ne, muddin akwai bocar da ba a tambaya, wannan zargi ba zai mutu ba, ko da gwamnati tana da gaskiya. In an yi musu alkawarin rijiya ko makaranta ko asibiti, a sa shi a kasafi kowa ya gani, a kuma faɗi bindiga nawa aka karɓa a madadinsa.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a Malumfashi, muna da ƙungiyar matasa a unguwarmu. Ta yaya mu ƙanana za mu bi sawun kuɗin nan?

Amsa: 'Yata, Allah Ya yi muku albarka. Kasafin jiha da rahoton yadda aka kashe shi duk wata uku ana sa su a shafin intanet na gwamnati, na tarayya kuma yana shafin Ofishin Kasafin Kuɗi. Ku sauke, ku nemi ma'aikatar tsaron cikin gida da ofishin gwamna da na sakataren gwamnati, ku kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wasiƙa ku nemi bayani, kuma ta ce a amsa cikin kwana 7. Tana da togaciya a kan sirrin tsaro, don haka ku tambayi abin da ba sirri ba: mota nawa da babur nawa aka turo ƙaramar hukumarmu, nawa ke tafiya yau, wa ke zuba mai, iyalai nawa aka biya diyya, makaranta nawa aka katange.

Ku kai kwafin wasiƙar ga ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, domin su 34 ɗin nan su ne ke amincewa da kasafin, kuma aikinsu ne su bi sawunsa. Ku sa hakimi ko dagaci da limamin unguwa a cikin maganar tun farko, ku tafi a ƙungiyance, da ladabi, kada mutum ɗaya ya fito shi kaɗai. Abin da kuka samu ku karanta wa iyayenku da Hausa a taron unguwa. Amma ko da wasa kada ku sa hoton sansanin jami'ai ko yawansu ko hanyar da suke bi a Facebook ko WhatsApp, domin infoma ma yana karantawa.